Baƙo a Rijiyar Mai Laima

Maƙwabcina mai gyaran laima ne, kuma da sana'ar ake kiransa, Mai Laima. Shagonsa ɗakin gaban gidansa ne. In ka shiga za ka ga laimomi rataye a rufi, kansu a ƙasa kamar jemagu, ga ƙarafan haƙarƙarinsu a ɗaure a kusurwa, ga gwangwanin madara cike da ƙananan ƙusoshi. Ni da shi mun tsufa a kan benci ɗaya a ƙofar shagon, muna tattauna abubuwan da ba su dami kowa ba, kamar dalilin da ya sa kaza ba ta fitsari, ko inda iska take zama idan ta daina kaɗawa.

Abin da ya fi ƙauna a duniya bayan iyalinsa, wasu ma sun ce kafin su, shi ne rijiyar tsakar gidansa. Shi ya haƙa ta da hannunsa tun kafaɗarsa na da ƙarfi. Da aka ja famfo zuwa layinmu kowa ya cike tasa, shi kuwa ya ce ruwan famfo ya yi doguwar tafiya cikin duhu ya iso a gajiye, shi ba ya shan gajiyayyen ruwa. In ka je gidansa, kafin a gama gaisuwa ya miƙa maka kofi ya tsaya a kanka yana jiran yabo.

Autarsa tana aiki a ɗakin gwajin ruwa na hukuma. 'Yan layi suna ce mata Likitar Ruwa, shi kuwa Auta yake ce mata har gobe. Wata yamma ta zo da akwatin ƙanƙara da kwalaben roba biyu, ta gaishe mu, ta ajiye su a gabansa.

"Baba, an tsinci wasu sinadarai a rijiyoyin da ke bayan tsohuwar masana'antar darduma," in ji ta. "Masana'antar ta rufe tuntuni, amma abin da ta zubar yana nan yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Ana gwada duk rijiyar da ake sha a ɓangaren nan. Taka ce kaɗai ta rage a layinku."

"Ruwan da ya raine ki za ki kai ƙara?"

"Ba ƙara ba ce, gwaji ne."

"In ya faɗi gwajin fa?"

"Sai a rufe ta da siminti."

Inna, matarsa, tana bakin ƙofar cikin gida tana jin su. Ta ce, "Sai igiyar guga ta huta, ni ma bayana ya huta." Bai ko kalle ta ba.

Auta ta ce da safe ake so a ɗebi ruwan, motar ofis za ta biyo ta ɗauka, ita kuma an tura ta wata unguwa. Kwalba ɗaya babu komai a ciki, ita zai cika daga guga. Ɗayar tana cike da tsabtataccen ruwa daga ofis, sunanta shaida. Zai buɗe ta a bakin rijiya yayin da yake cika ta farko, sannan ya rufe, don in wani abu ya faɗa daga iska ko daga hannunsa a gan shi a cikin shaidar.

"Kada ka ƙara komai, kada ka rage komai. Ka ji, Baba?"

"Ni da nake mayar da laimar da mota ta taka, cika kwalba ne zai gagare ni?"

Washegari da sassafe na leƙa ta kan katangar da ta raba gidajenmu. Mai Laima ya ɗebo ruwa ya zuba a kofin gilashi, ya ɗaga shi wajen haske. Wani ɗan abu yana yawo a ciki, ko ƙafar tururuwa ce ko ɓurɓushin igiya, ban tantance ba.

"Ka gani ko?" ya ce mini. "Haka zan tura shi gaban mutanen da ba su san shi ba? Ko yaro za a kai asibiti ai sai an yi masa wanka."

Maganar ta kama ni, don ban taɓa jin an yi wa ruwa wanka ba, kuma ina son in ga yadda ake yi.

Ya shiga shago ya fito da sabon baƙin yadin laima wanda bai taɓa ganin hadari ba. Ya yayyafa masa ruwa, ɗigon suka dunƙule suka gangara, yadin ya tsaya a bushe.

"Abin da ruwa bai iya jiƙa shi ba, datti ne zai kama shi? Babu ƙyalle mai tsabtarsa a gidan nan."

Ya ɗaure yadin a bakin bokiti ya zuba ruwa don ya tace. Ruwan ya zauna a sama, ya yi ɗan tafki, ya ƙi sauka. Muka jira. Wani tsuntsu ya sauko kan katanga yana duba ko wurin wanka aka buɗe.

"Ba laifinsa ba ne," in ji Mai Laima. "Aikinsa yake yi, ba a faɗa masa an canja masa muƙami ba."

Ya ɗauko allura ya yi ta huda yadin. Da hakan bai isa ba ya tattara bakinsa ya murɗe, ya sa tsakanin gwiwoyinsa yana matsa kamar mai tatsar saniyar da ba ta so. Ruwa ya fara fita zara-zara. Ya maimaita har hannunsa ya yi ja. Daga nan ya shiga kicin ya ɗauko kaskon Inna, irin wanda ƙwai ba ya kamawa a cikinsa, ya ɗora ruwan a wuta don ƙwayoyin cuta su san an zo.

Inna ta fito daga ɗaki. "Malam, me kake dafawa a kaskona?"

"Ruwa."

Ta dube shi, ta dubi kaskon. "To Allah ya sa kada ya ƙone."

Ya bar shi yana tafasa har ya koma rabi, ya sauke ya huce, ya cika kwalba. Don kada ya zube a mota ya naɗe murfin da farin tef ɗin masu gyaran famfo. Ita kuwa shaida bai yi mata komai ba. Ya buɗe ta, ya nuna mata rijiya, ya rufe. Ya ce shaida ba a taɓa shi, haka doka take a ko'ina.

Bayan 'yan kwanaki Auta ta dawo, fuskarta ba walwala. Ta zaunar da iyayenta a tsakar gida, ni ma ta ce in zauna, tun da na sha ruwan nan fiye da wasu 'yan gidan.

"Shaida ta fito fes," in ji ta. "Amma ruwan rijiyar, Baba, ban taɓa ganin irinsa ba. Cike yake da sinadaran nan masu fulorin. Ya fi na rijiyoyin da ke jikin katangar masana'antar."

Inna ta dafe ƙirji. "Su waye kuma 'yan Fulorin?"

"Sinadarai ne da ake shafa wa kaya don kada ruwa ko mai ya kama su. In suka shiga jiki suna daɗewa, wasunsu kuma an san suna cutarwa. Daga yau ba sha, ba girki da shi. Shugabanmu ya ga sakamakon, ya ce mako mai zuwa a kawo siminti."

Mai Laima ya dubi rijiyar, ya dubi ƙasa.

"Akwai kuma wani abu," in ji Auta. "Yawancinsu mun san su. Amma akwai guda ɗaya da na'ura ta gani, ta auna shi, ta kasa faɗin sunansa. Mun duba duk inda masana suke tara sunayen irin waɗannan, babu shi."

A hankali kansa ya fara ɗagowa. "Babu shi a ina?"

"Iya inda muka duba."

"Har ƙasashen waje?"

"Har can."

"Wato a duk duniya ba wanda ya san shi, sai rijiyata."

"Baba, ba abin alfahari ba ne."

"Ban ce komai ba. Tambaya na yi."

Kafin rana ta faɗi duk layi ya ji cewa rijiyar Mai Laima ta yi baƙon da masana ba su taɓa gani ba. Shi ya raɗa masa Baƙo. Mai kawo laima gyara sai ya saurari labarin kafin a karɓi laimarsa. Mai aski ya ce a ba shi kofi ɗaya ya gani da idonsa, aka ba shi, ya duba ya duba ya ce shi ruwa kawai yake gani. Mai Laima ya ce ai shi ya sa shi wanzami ne ba masani ba.

Inna ta tambayi 'yarta ko yaushe Baƙon zai tafi, tun da an ce baƙo raɓa ne. Auta ta ce irin wannan rana ba ta kashe shi, tafasawa ba ta kashe shi, shekaru ma sai su wuce yana nan.

"To wannan ba baƙo ba ne," in ji Inna. "Ɗan haya ne da ya ƙi tashi."

Amma da layi ya yi shiru sai in ga Mai Laima zaune a bakin rijiya, hannunsa a kan igiya, ba ya ja. Siminti yana zuwa, kuma alfahari ba ya hana siminti bushewa. Da ranar ta matso, ya ce wa Auta shi ba zai yarda a binne rijiyarsa ba sai ya ga alƙalin da ya yanke mata hukunci ido da ido. Na zaci za ta ƙi. Sai ta ce, "Ka zo gobe. Ni ma ina son ka zo." Ta faɗe shi da wata murya da ban gane ba a lokacin.

Na raka shi. Ya sa rigarsa mafi kyau, ya riƙe laimarsa mafi tsada ko da yake ba hadari. Muka bi wani dogon baranda mai warin sabulu har zuwa wata ƙofa mai gilashi. Wani mutum mai furfura a gemu ya tare mu, sanye da farar riga da ta gaza masa a hannu. Shi ne mai kula da na'urar, kowa Dogo yake ce masa.

"Sannu da zuwa, Baba. Amma laima a waje za ta jira."

"Laifin me ta yi?"

"Ba ta yi ba, gudun kada ta yi ne. Abin da ake shafa wa yadin laima don ya ƙi ruwa, sau da yawa shi ne ainihin abin da muke farauta a nan. In ta shigo ta yi atishawa ɗaya, aikin mako ya lalace."

Mai Laima ya tsaya da laimar a hannu.

Dogo ya ci gaba da fara'a, yana miƙo mana fararen riguna. "Rigar ruwa ma ba ta shiga. Takalmin da aka fesa wa maganin ruwa ba ya shiga. Takardar da ake naɗe abinci mai maiƙo, ita ma a'a. Farin tef ɗin masu famfo kuwa, in na gan shi ko a mafarki ne sai na tashi na wanke hannu."

"Kasko fa?" in ji Mai Laima, murya ƙasa-ƙasa.

"Wane kasko?"

"Ba komai. Hira ce."

Ɗakin yana da sanyi kamar cikin randa. Na'urar tana kan dogon tebur, girmanta kamar firij biyu a kwance, da wani bututu tsaye a kanta ya kusa taɓa rufi, tana wani gunji marar yankewa. Dogo ya faɗi sunanta na boko, mas-sifektiromita, muka gwada faɗa mu biyu muka bari. Ya ce kada mu damu, su a nan Gwaggo suke ce mata, don ba ta son zafi, ba ta son ƙura, ba a yi mata gardama, in ta yi fushi kuwa duk ofis ba mai sukuni.

Ga abin da na fahimta daga bayaninsa, in na yi kuskure a ɗora wa kunnena. Gwaggo ba ta gani, ba ta ɗanɗano, awo kawai ta iya. Ana fara bi da ruwan ta cikin wani ɗan abu da yake kama sinadaran ya bar ruwan ya wuce. Sai a tura su ta wani siririn bututu inda dole su shiga layi, su fito ɗaya bayan ɗaya. A bakin fita a mai da su feshi, a sa musu lantarki, a harba su cikin dogon bututun nan da aka zuƙe iskarsa tas. Marasa nauyi su riga isa, masu nauyi su biyo baya, daga lokacin isowar kowa Gwaggo ta san nauyinsa. Na tsaya ina kallon bututun ina tunanin tsere ake yi a cikinsa a wannan lokacin, na abubuwan da ba su da ƙafa, ba mai kallo, ba mai tafi, kuma kowa yana isowa daidai gwargwadon nauyinsa. Na so a ce mutane ma haka ake yi musu.

Auta ta juyo mana da fuskar kwamfuta. Layuka ne tsaye tsaye, wasu dogaye wasu gajeru, kamar haƙoran tsohon mataji.

"Kowane tsini abu ɗaya ne," in ji ta. "Masu fulorin suna da alama. Nauyinsu yakan gaza cika lamba da ɗan kaɗan."

"Kamar mudun mai awon da ba ya tsoron Allah," in ji Dogo.

"Kuma 'yan gida ɗaya sukan zo a jere, kowa ya fi na ƙasa da shi da hamsin, kamar matakalar bene. Waɗannan duk mun san gidajensu." Ta sa yatsa a kan wani ɗan gajeren tsini can gefe. "Wannan ne naka."

Mai Laima ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ina jin ya yi tsammanin abin zai fi haka girma.

Dogo ya ce idan Gwaggo ba ta gane abu ba sai a sa ta ta farfasa shi ta auna gutsattsarin, kamar a kwance laima a gane wanda ya ƙera ta daga ƙarafanta. "Mun fasa wannan. Wutsiyarsa ta gidan fulorin ce, ba shakka. Kan ne ba mu sani ba. Mun san dangin uwarsa, Baba, uban ne ba a gano ba."

"Kul," in ji Mai Laima. "Ba a wannan magana a kan abin da ya fito daga gidana."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna tana fuskantarsa.

"Baba, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Waɗannan dogayen ba su yi kama da na sauran rijiyoyin ba. Sun fi kama da abin da ake samu a jikin sabon yadi. Kuma na ga tef a murfin kwalbar, na san naɗin hannunka. Me ka yi wa ruwan nan?"

Gwaggo ta ci gaba da gunji. Mai Laima ya dube ni, na dubi bututu.

"Cewa kika yi kada in ƙara, kada in rage," in ji shi. "Ban ƙara ba. Wanka na yi masa."

"Da me?"

"Da sabon yadi. Ko sau ɗaya ba a buɗe shi a ruwan sama ba."

"Yadin laima."

"Mai kyau ne. Ba irin na bakin titi ba."

Dogo ya lalubi kujera ya zauna. "Yaya ruwa ya ratsa yadin laima, Baba?"

"Da ƙyar."

Dogo ya sa hannun rigarsa a baki, kafaɗunsa suna rawa. Auta ta rufe ido. "Shi ke nan?"

"Na ɗan tafasa shi. A kaskon innarki."

"Har yaya?"

"Ya koma rabi."

"Kaskon wataƙila bai ba da komai ba," in ji Dogo yana share hawaye. "Amma ruwan ne ya tashi ya bar su. Ka tara su, Baba, sannan ka ninka su. Ni da nake da kayan aiki ban iya wannan da kyau haka ba."

Auta ta ce za ta je wa shugabansu da maganar, a dakatar da siminti, ita da kanta za ta sake ɗiba. Dogo ya roƙi a aiko masa da guntun yadin ya ba Gwaggo ta ɗanɗana. Mun kai bakin ƙofa Mai Laima ya juyo.

"To shi Baƙon, na laima ne shi ma?"

"Sai mun gwada," in ji Auta.

A hanyar gida bai buɗe laimar ba duk da rana ta yi zafi, ya riƙe ta nesa da jikinsa. Can ya ce mini, "Ina son rijiyata ta fita da gaskiyarta. Amma na riga na faɗa wa wanzami." Muka yi tafiya kaɗan. "Da za a ce ba ta da laifi, amma ta ɗan yi abin mamaki, da ya fi mini." Ban san addu'ar da zan taya shi da ita ba, sai na ce Allah ya zaɓa mafi alheri.

Ranar ɗiba ta biyu Auta ta zo da kayan auduga tun daga ɗankwali har ƙasa, da gugarta ta ofis a cikin leda. Aka sa Mai Laima a shago aka ja ƙofa, Inna ta zauna a bakin ƙofar da muciya a cinya. Yana ta magana ta ramin makulli, wai a bar ruwan ya ɗan kwanta, wai a ɗebo daga gefen gabas ya fi daɗi.

Sakamako ya ɗan jima, don an sake gwaji fiye da sau ɗaya. Da Auta ta zo da shi, a tsaye ta faɗa.

"Dogayen nan duka sun ɓace. Na yadinka ne, Dogo ya same su a jikinsa ɗaya bayan ɗaya."

Mai Laima ya miƙe yana gyara hula. "Na faɗa muku. Rijiyar da na haƙa da hannuna…"

"Saura ɗaya, Baba. Baƙon ba ya jikin yadi, ba ya cikin shaida. Yana cikin rijiya. Kaɗan ne, amma yana nan. Da muka san abin da za mu nema mun koma kan ruwan rijiyoyin bayan masana'anta, muka same shi a can, ya fi yawa. Daga can yake tahowa. Rijiyarka ce iyakar inda ya kawo zuwa yanzu."

Ya koma ya zauna a hankali.

"Yana cutarwa?" in ji Inna.

"Ba wanda ya sani, Inna, ba a taɓa nazarinsa ba. Amma mun san danginsa, ba zan bari ku ci gaba da sha ba kafin a sani. Kuma zan kai ku a duba jininku, har da Baba na maƙwabta."

Inna ta dubi mijinta. "To, Malam, ka nemi abin mamaki, ga shi an ba ka."

Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce, "Simintin yaushe?"

"Babu siminti. Na ce wa shugabanmu tun da a nan abin ya tsaya, muna buƙatar rijiyar a buɗe don mu riƙa ɗiba muna ganin ko yana ƙaruwa. Ya yarda. Murfin ƙarfe za a sa mata da kwado. Ba sha, ba wanki, ba ba wa baƙi."

Mai walda ya zo da murfin a bayan keke, fentinsa shuɗi. Mai Laima ya zagaya shi yana ƙwanƙwasawa, ya ce ƙarfen ba laifi, amma a sa roba a gefe don kada ya riƙa bugawa da ƙarfi, ba ta saba da hayaniya ba. Mai walda ya dubi Auta, ta ce a sa masa. Kafin a saukar da murfin Mai Laima ya leƙa ciki ya daɗe, mu kuma muka yi kamar muna kallon tartsatsin wuta.

"Auta," ya ce, kansa yana cikin rijiya, muryarsa tana dawowa biyu. "In kun gano sunansa za ku faɗa mini?"

"Kai za a fara faɗa wa."

"In kuma aka duba aka ga ba shi da suna sam, dole ai a raɗa masa."

"Ba za a sa masa naka ba, Baba."

"Ban ce komai ba."

Aka rufe, kwado ya yi ƙara. Makullai biyu ne a jikin zobe. Auta ta cire ɗaya ta sa a jakarta, ta ce na ofis ne. Mai Laima ya goge tafin hannunsa a riga ya miƙa. Ta ɗaga ɗayan ta tsallake hannunsa ta ba Inna.

Inna ta juya makullin tana dubawa. "In ya roƙe ni fa?"

"Ki kira ni."

"In ya yi fushi ya ƙi cin abinci?"

"Nan ma ki kira ni."

Inna ta ƙulle makullin a bakin zanenta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. Hannun Mai Laima yana nan a miƙe. Mai walda, da ya ga hannu a buɗe bai san na mene ne ba, ya kama ya gaisa da shi, ya ce Allah ya sanya alheri.